Jabiru da Fayil ɗin Rabon Ruwa

Shagon Jabiru yana jikin nawa a bakin titin Bodinga. Fallen kwano ɗaya ne ya raba mu, shi ma ya huje a wuri biyu. Ni ɗinki nake yi, shi gyaran waya. Saboda haka duk wanda ya shiga wurinsa da sirri, mu biyu yake gaya wa, sai dai ni ba a gaishe ni.

A Danchadi aka haife shi. Shi ne ɗan fari a wurin Nana Hauwa, don haka har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana son sa ta ce "kai", in tana ba da labarinsa ta ce "wancan na Bodinga". Ya gama sakandare da sakamakon da ba a nuna wa baƙo, aka kai shi Sakkwato wurin wani mai gyaran waya. Ya yi shekara biyu yana koyon buɗe waya, ya ƙara ɗaya yana koyon mayar da ita ba tare da noti ya yi saura a kan tebur ba. A can ya samu wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya daɗe da rasuwa, ba ta numfashi sai an jona ta da wuta. Da ita ya koyi rubuta manhajar waya, yana kallon bidiyon wasu mutane masu saurin Turanci, ya tsayar, ya koma baya, ya sake tsayarwa. Da ya dawo gida da wannan ilimi, mutanen Danchadi sun yi murna ƙwarai. Suka riƙa kawo masa gyaran tocila.

Mahaifinsa ya rasu ya bar musu lambu a fadama, fangali sittin na albasa. Lambun Nana Hauwa ake ce masa, don da shi take ciyar da kanta da ƙannen Jabiru mata biyu. Ranar ban ruwa Jabiru yakan rufe shago ya tafi ya yi mata aikin.

Masu lambu bakwai ne a wannan gefen fadamar, rijiyarsu ɗaya, injin ban ruwansu ɗaya. Tunda Allah ya yi kwanakin mako bakwai, rabon bai kamata ya ba kowa wahala ba: kowa da ranarsa. Ta Nana Hauwa Alhamis ce. Albasa a wannan ƙasa tana jure mako ɗaya ba ruwa, da ƙyar. In ranarka ta wuce ka, sai ta yi mako biyu, kuma albasar da ta yi mako biyu a lokacin zafi ba ta yafewa.

Ba a taɓa rubuta rabon ba, yana cikin kan Malam Sodangi, shugaban masu lambun. Allah ya ba Malam kai mai riƙe abu. Yana iya gaya maka wanda bai zo sunan ɗansa ba shekara ashirin da suka wuce, da irin rigar da wanda ya zo ya sa. Abu ɗaya ne ke yawan kuɓuce masa, shi ne Alhamis. Sai Jabiru ya rufe shago ya isa fadama ya tarar da injin yana kuka a lambun wani. In ya yi magana a ce masa ai an yi musaya, ko ba a gaya masa ba? A shekarar da ta gabaci labarin nan sau biyu aka yi musayar da ba a gaya masa ba. Albasar Nana Hauwa ta fito kamar goro, masu saye suka ɗaga suka ajiye. Gidan ya ci wannan damina da dabara.

Jabiru ba mai faɗa ba ne. Ko wayar da ta ƙi gyaruwa lallashinta yake yi. Da rani ya sake zagayowa sai ya zauna ya rubuta wata 'yar manhaja da ba ta san komai ba sai abu ɗaya: in ka buɗe ta, ta gaya maka yau wace rana ce, kuma ruwa na wane ne. Ya je ya durƙusa gaban Malam Sodangi ya ce ya ga nauyin ya yi wa kan Baba yawa, ga abin da zai ɗan rage masa. Malam ya yarda, don an ce sunansa zai fito a sama, a matsayin shugaba.

Aka taru a ƙarƙashin mangwaron bakin rijiya. Aka faɗi rabon da baki, kowa ya ji. Abubakar Siddiƙ, wanda ya fi su karatu, ya ja fatiha, aka shafa. Jabiru ya rubuta wannan rabo a cikin jikin manhajar, ya sa wa maza shidan a wayoyinsu. Nana Hauwa ba ta da waya, ta ce ita ta san Alhamis tun kafin a ƙirƙiro waya.

Mako uku aka yi lafiya, har mutane suka fara jin ba daɗi.

Abin da ya kawo fayil cikin maganar, Hammadu ne. Hammadu makiyayi ne daga Horo Birni a ƙasar Shagari, kuma tsohon mai kawo wa Jabiru gyara ne, don wayarsa ta saba faɗawa kwarin shayar da shanu. Ya ga manhajar ya ce su ma suna so, suna da rijiya ɗaya da garke shida. Jabiru ya duba ya ga in zai yi musu, sai ya kwance manhajar ya sake gina wata da sunayensu. In gobe mutanen Mandera suka zo, ya gina ta uku. Ko a Danchadin ma, in mutum biyu suka yi musayar rana ta gaskiya, sai ya sake ginin ya bi waya shida yana sakawa.

Sai ya raba abin biyu. Manhaja ta zama ɗaya ga kowa. Abubuwan da ke canzawa kuwa, sunan gari da irin aikin da sunayen masu rana, ya fitar da su ya zuba a wani ɗan fayil na saiti da ke zaune a cikin ma'ajiyar waya. Da ya nuna mini, na ɗauka zan ga wani abin tsoro. Ashe rubutu ne kawai, layi-layi. Kalma a hagu, alamar daidai a tsakiya, amsa a dama:

gari=Danchadi
aiki=ban ruwan albasa
laraba=Bilyaminu
alhamis=Nana Hauwa

Duk lokacin da aka buɗe manhajar, sai ta fara zuwa ta karanta fayil ɗin, sannan ta yi magana. Abin da ta tarar shi za ta faɗa, ba ta tambayar wanda ya rubuta. Ya ce mini kamar ni ne da awon riga: keken ɗaya ne, hannun ɗaya ne, takardar awo ce ke sa riga ta zama ta wane. Na tambaye shi, in takardar ta ɓace fa? Ya ce ya yi tanadin wannan. Rabon farko, wanda aka shafa wa fatiha, bai cire shi daga jikin manhajar ba. In ta nemi fayil ta rasa, can take komawa.

Ba a yi kwana goma ba muka ga amfanin tanadin. Hammadu ya shigo da waya a hannu, ransa a ɓace.

"Jabiru, wane na Sodangi?"

"Shugabanmu na Danchadi. Mi ya faru?"

"To ka gaya mishi ba mu da albasa. Tun sahe wayag ga taka ce min in ba shi ruwa."

Ashe wayar ce ta cika, Hammadu ya share duk abin da bai gane ba don ya samu wurin hoton wata saniya da ta haihu. Fayil ɗin na cikin abin da bai gane ba. Jabiru ya mayar masa, muka yi dariya, aka wuce wurin.

Labarin ya isa Danchadi, amma da ya isa ya sake kama. Abin da Malam Sodangi ya ji shi ne akwai wata takarda a cikin waya da ake rubuta sunaye, kuma yaro ne ke riƙe da alƙalamin.

Wata Talata ya zo shagon. Jabiru ya tashi ya ba shi kujera, shi ya durƙusa. Suka gaisa: gida, iyali, gajiya, zafi, albasa, sannan gida kuma. Sai da na gama kafa hannun riga ɗaya kafin su kai ga magana.

"Ɗana, an ce akwai wata takarda cikin wayag ga da kaka rubuta sunayenmu."

"Akwai, Baba, ranka shi daɗe. Fayil na."

"Wa ka riƙon ta?"

"Ni na, Baba."

"Kai." Malam ya gyara zama. "Ni kau shugabancin ga na riƙe shi tun kana rarrahe. Ya kyautu a ce makulli shina hannun yaro, shugaba shina kallo? Ba don in taɓa komi ba. Don dai mutunci."

A wurinmu, in babba ya ce don mutunci, ba ka da wata amsa sai "to". Jabiru ya karɓi wayar ya nuna masa inda fayil ɗin yake, da yadda ake buɗe shi, da yadda ake goge suna a rubuta wani a ajiye. Malam bai yi nisa a boko ba, amma ya iya rubuta sunansa, kuma kamar yadda aka gani daga baya, iyakar abin da yake bukata ke nan.

"Sai dai, Baba," in ji Jabiru, "abin da kac canza nan, wayarka ɗai za shi canza. Na sauran..."

"Na gane, na gane. Ni da nika sauraren rediyo tun ba a haihe ka ba? In an hwaɗi abu Sakkwato, ba kowa ka ji ba?"

"Ai wanga ba kamar rediyo ba na, Baba, kowace waya..."

"Allah shi yi maka albarka."

In babba ya sa maka albarka, magana ta ƙare. Jabiru ya ce amin, ya raka shi har bakin titi.

Ilimi ba ya son zama wuri ɗaya, musamman in mai shi yana son a san yana da shi. Malam ya nuna wa surukinsa Bilyaminu, ya ce kada ya gaya wa kowa. Bilyaminu bai gaya wa kowa ba sai Kamilu, don tare suke kai albasa kasuwa. Kamilu ya nuna wa Abba, maƙwabcin lambunsa, a kan sharaɗin nan dai. Abubakar Siddiƙ kuwa ba wanda ya koya masa, ya leƙa ne ta kafaɗar Abba a masallaci bayan an sallame. Kowannensu ya karɓi ilimin tare da bayanin da Malam ya ɗora masa: abin da ka rubuta a taka, shi kowa zai gani a tasa.

Ana cikin haka zafi ya sauko da wuri, ƙarshen watan Fabrairu, daidai lokacin da albasa ke ɗaura kai. Ruwan mako-mako ya daina isa. Kowa ya fara kallon lambunsa yana lissafin yadda zai yi kyau da a ce mako yana da rana takwas. Tunda ba shi da ita, sai a duba cikin bakwai ɗin a ga wadda mai ita ba ta da waya, ba ta da miji, kuma ɗanta ba ya ɗaga murya.

A makon nan shagon Jabiru ya ga baƙi. Ran Asabar Bilyaminu ya zo a duba masa lasifika, wadda lafiyarta lau. Yana fita ya juyo.

"Af, Jabiru. Fayil ɗin ga, in mutum ya rubuta abu bisa kuskure, ana gane wa yar rubuta?"

"Ba a ganewa."

"Madalla. Tambaya ɗai ta."

Ran Litinin Kamilu ya zo ya tambaya ko in an ajiye rubutu yana gogewa da kansa. Ran Talata Abubakar Siddiƙ ya zo ya yi mana nasiha a kan riƙon amana ta kusan rabin awa, sannan ya tambaya ko babban baƙi da ƙaramin baƙi duk ɗaya ne a wurin manhajar. Shi ma tambaya ce kawai.

Da ya tafi na leƙa ta hujin kwano. Jabiru yana zaune ya riƙe sukudireba, ba ya kwance komai.

Na ce, "Ka je ka gaya musu abin ba ya aiki haka mana."

Ya ce, "In ce da su mi? In ce, Baba, na san za ka ɗauke ruwan Inna, ga dalilin da ba shi ɗaukuwa?"

Na koma kan keke.

Ran Alhamis tayar mashin ɗin Jabiru ta kwana a sace ba iska, sai na ɗauke shi a nawa bayan asuba. Muka biya ta gida, Nana Hauwa ta ce mu yi gaba, tana tafe da kunu. Da muka isa fadama gari ya waye sosai. Albasarta ta kwana bakwai cif ba ruwa, ganyen ya fara kwanciya, bakinsa ya yi fari. Jabiru ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasa, ya fito da shi a bushe.

Malam Sodangi ya riga mu. Yana zaune a gefen injin, ga jarkar fetur kusa da ƙafarsa, yana jan carbi da natsuwar mutumin da ya san gaskiya na bayansa. Kafin mu gama gaishe shi sai ga Bilyaminu da naɗin tiyo a kafaɗa.

"Bilyaminu, lahiya da sassahe?"

"Lahiya lau, Baba. Ruwa niz zaka ba albasa."

"Yau?"

"Haka waya tac ce, Baba. Ni ma na yi mamaki."

"Duba da kyau, ɗana. Ido shina gizo da sahe."

Bilyaminu ya duba da kyau, ya ga sunansa, ya gyara tsayuwa. A ransa yana tausayin tsoho da bai buɗe wayarsa ba kafin ya fito. Malam ma irin wannan tausayin yake masa.

Sai ga Kamilu da fartanya. Shi ma ya yi mamaki. Sai ga Abba, wanda mamakinsa ya fi na kowa, har da riƙe haɓa. Abubakar Siddiƙ ne ya zo a ƙarshe, ya yi sallama mai tsawo, ya ce shi bai so fitowa ba, amma tunda an yi alkawari za a bi abin da waya ta faɗa, ba ya son ya zama farkon mai saɓawa. Mutum na shida bai zo ba. Kada a ɗora masa tsoron Allahn da bai nema ba, biki ya tafi Shagari.

Aka fara "duba taka", "a'a, kai duba taka". Daga ƙarshe Kamilu ya kife bokiti, aka jera wayoyi biyar a kai. Duk sun yarda yau Alhamis ce. Daga nan kowace ta kama gabanta. Ta Malam ta ce ruwa na Sodangi ne, ta Bilyaminu ta ce na Bilyaminu ne, haka har biyar. Ba wadda ta ambaci Nana Hauwa.

Kowa ya gane abin da sauran huɗun suka yi, kuma kowa ya gane sun gane nasa. Ba mai iya buɗe baki ya ce wane ka yi kaza, don wayarsa na nan a kan bokiti tana ba da shaida. A daidai nan Nana Hauwa ta iso da jug ɗin kunu. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta sami gindin mangwaro ta zauna.

Kamilu ne ya samo mafita. "Manhajag ga ta lalace."

Nan take aka samu haɗin kan da ba a taɓa samu ba a ƙungiyar. Abba ya ce dama shi tun farko bai yarda da ita ba. Bilyaminu ya ce abin yara ke nan. Abubakar Siddiƙ ya ce duk abin da ɗan Adam ya ƙera yana da tawaya. Malam Sodangi ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Tunda na'ura ta gaza, sai mu koma ga yadda munka gada. Rabo shina nan cikin kaina. In na tuna daidai, makon ga an yi musaya..."

Na dubi Jabiru. Rana ta fara hawa. In kan Malam ya gama tunawa, albasar Nana Hauwa sai wata Alhamis, kuma ba za ta kai ba. Na ɗauka yau dai zai yi faɗa, har na fara tunanin ta inda zan riƙe shi. Sai na ga ya cire hula ya durƙusa.

"Gaskiya Baba Kamilu yaf faɗi, ranka shi daɗe. Ta lalace. Zahin ga na yat taɓa fayil ɗin."

Duk suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi yadda zafi ya iya rubuta sunan kowa daidai, har da ƙugiyar Siddiƙ.

"Amma tana da magani, Baba, kuma ba sai na taɓa wayar kowa ba, kada a ce yaro ya yi wani abu. Kowa shi share fayil ɗin da hannunai. In manhaja ta neme shi ta rasa, tana komawa ga rabon da anka yi ma fatiha nan gindin mangwaron ga. Shi zahi ba shi kai gare shi. Hammadu na Horo Birni shaida na." Ya juya wajen Abubakar Siddiƙ. "Ko ba kai kaj ja muna fatihar ba, Malam?"

Abubakar Siddiƙ ya yi gyaran murya. Kwana biyu da suka wuce ya yi rabin awa yana koya mana amana, kuma yana ganina tsaye. Ya ce lalle shi ya ja, kuma abin da aka shafa wa fatiha ba a tsallake shi. Ya ɗauki wayarsa. Kowa ya san inda fayil ɗin yake, ba wanda ya nemi a nuna masa, abin da ya ba ni sha'awa ga mutanen da ba su taɓa buɗe shi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka share. Malam ne na ƙarshe, ya daɗe yana kallon sunansa kamar mai sallama da ɗan'uwa a tasha.

Aka rufe manhajar aka sake buɗewa, aka mayar da wayoyin kan bokiti. Duk biyar suka ce: Yau Alhamis, ban ruwan albasa, Nana Hauwa.

Malam Sodangi bai yi shekaru yana shugabanci a banza ba. Ko daƙiƙa biyar bai ɓata ba.

"Alhamdu lillahi. Abin da niz zaka tabbatarwa ke nan. Na ce bari in yi sammako in tsare ma baiwar Allah ga ranarta, kada wani shi yi mata wayo. Har mai nik kawo."

Bilyaminu ya ce shi ma tiyon nan don ita ya ɗauko, ya ga nata ya tsufa. Kamilu ya dubi fartanyar hannunsa ya ce ai buɗe bakin fangali aiki ne, mutum ɗaya ba ya iyawa.

Nana Hauwa ta ajiye jug. "Ashe dut don ni kunka yi sammako. Allah shi saka da alheri, Malam. Shekara shida da rasuwar maigidana ban san ina da gata haka ba." Ta nuna da hannu. "To ga su can, sittin na. Ku faro daga na gabas, sun fi jin jiki."

Ba hanyar komawa. Jabiru ya zuba man Malam a inji ya ja igiya. Bilyaminu ya shimfiɗa tiyonsa. Kamilu da Abba suka naɗe wando suka shiga laka, Abubakar Siddiƙ yana binsu yana toshe inda ruwa ya ɓalle. Malam ya tsaya a kan kunya yana ba da umurnin da ba a bukata. Aikin da Jabiru ke kaiwa la'asar yana yi, kafin azahar an gama. Na ga ganyen da ya kwanta ya fara ɗagowa tun muna wurin.

Da suka fito suna haki, Nana Hauwa ta zuba kunu kofi biyu, ta miƙa mini ɗaya, ta tura wa ɗanta ɗaya ba tare da ta dube shi ba.

"Ku yi haƙuri," ta ce da sauran, "na mutum biyu nid dama. Ban san Alhamis tana da masoya haka ba."

A makon nan Jabiru ya sake gina manhajar Danchadi, ya mayar da fayil ɗin cikin jikinta inda yatsa ba ya kaiwa. Yanzu in za a canza rana, sai mutum bakwai sun zauna sun faɗa da baki, sannan ya gina sabuwa ya bi su yana sakawa. Ya ce wahalar ta fi sauƙi. Na Horo Birni ya bar musu a waje, don ba wanda ya taɓa shi. Na tambayi Hammadu ko su ba su da masu son ƙarin rana. Ya ce akwai, amma shanu sun haddace rabon, in ka kora garke ranar da ba tasa ba, sauran garken ne za su fara kai ƙara.

Albasar Nana Hauwa ta yi kai a wannan shekara. Ba ta fi ta kowa ba, amma masu saye da suka ɗaga ba su ajiye ba. A Danchadi kuwa an samu masu cewa Jabiru ya yi ilimi amma ya rage ladabi, tunda ya kulle abu ya hana manya. Da maganar ta kai kunnen uwarsa, ta ce wancan na Bodinga dai haka ta haife shi, ba ya jin magana sai ta fatiha.

Bayan sallah Malam Sodangi ya sake zuwa shagon. Jabiru ya ba shi kujera ya durƙusa, aka gaisa har na gama daje wuyan riga.

"Ɗana, wanga sabon wuri da kas sa takardar, shi ma shina da makulli?"

"Shina da shi, Baba, ranka shi daɗe. Mutum bakwai na, da fatiha. In kana so in aika a kira su yanzu, Inna ma tana gida."

Malam ya sa hannu a aljihu.

"A'a, bar su da aikinsu. Dama tocilag ga nik kawo, ta daina kamawa."